Kundin aiki: raba faifai da kulle foldojin gida a laftof ɗin ofis, Jidda

Lahadi, 5 ga Janairu 2025 (5 Rajab 1446)

Laftof ɗaya ce, mutum uku ke aiki da ita a ofishin hidimar alhazai da masu Umara: mai karɓar fasfo, akawu, da mai kula da masauki da motoci. Abin da ke cikinta ya fi ta tsada nesa ba kusa ba. Akwai hotunan fasfo na mutanen Najeriya da Nijar, lambobin waya, takardun biza da rasit na kuɗi. Kuma ba a tebur take kwana ba, cikin jaka take yawo tsakanin Jidda, Makka da Madina. Mun duba da `manage-bde -status`, BitLocker, kullin faifai na Windows, a kashe yake. Ma'ana duk wanda ya kwance ƙusoshin bayan na'urar ya zare faifan ya sa a wata kwamfuta, zai karanta komai, kalmar sirrin shiga Windows ba za ta hana shi ba. Wanda ya tarar da BitLocker a kunne a tasa na'urar, ya fara kwafe mabuɗin ceto mai lamba 48 kafin ya taɓa saitin BIOS, domin sauyi kaɗan a can yana iya sa Windows ta nemi wannan mabuɗi.

Ban da amanar mutane, akwai doka. Dokar kare bayanan mutum ta Saudiyya ta fara aiki a Satumban 2023, wa'adin shiri ya ƙare a Satumban 2024, hukumar SDAIA ce ke kula da ita. Ɓatan na'ura ɗauke da fasfo a buɗe ba ƙaramar magana ba ce.

Tsarin da aka tsayar: a share Windows gaba ɗaya tunda aikin duk ta burauza ake yin sa, a girka Debian 12, wani nau'in Linux, a yi kulli hawa biyu. LUKS2 zai rufe faifan duka, shi ne ƙofar zaure. fscrypt zai rufe foldar gidan kowane ma'aikaci da kalmarsa, shi ne ƙofar ɗakin kowa. Aikinsu ba ɗaya ba ne: na farko don ɓarawon da ya ɗauke na'ura a kashe, na biyu don kada ɗaya cikin ukun nan, ko mai gyara da aka ba jimlar sirrin zaure, ya shiga takardun ɗan'uwansa.

Kayan aiki: RAM 16 GiB, faifan NVMe mai 512 GB, filas biyu (ɗaya na girkawa, ɗaya na ajiye kwafin kanun LUKS, wato sashen da ke riƙe da mabuɗin faifai), faifan waje mai 1 TB, takarda da ambulan.

Litinin, 6 ga Janairu

An kwashe tsofaffin bayanai zuwa faifan waje, an kwatanta kwafin da na asali ta `sha256sum` kafin a yarda da shi. Sannan BIOS: an sa kalmar sirrin mai kula, an bar Secure Boot a kunne, an mai da yanayin faifai daga RST zuwa AHCI. Idan aka bar shi a RST, a na'urori da dama mai girka Debian ba ya ganin faifan NVMe sam, sai mutum ya ɗauka faifan ne ya mutu.

Share tsohon abu a SSD, irin faifan NVMe ɗin nan, yana da nasa hukunci. `shred` da makamantansa an yi su ne don faifai mai juyawa. SSD kuwa ba ya rubuta sabon bayani a gurbin tsohon, yana rarraba rubutu ne don kada wani sashe ya riga wani lalacewa, kuma yana da wurin ajiya na ɓoye da tsarin aiki ba ya kaiwa. Sai a umarci faifan ya share kansa. Daga filas na Debian mai tashi kai tsaye, bayan an saka `nvme-cli` da `gdisk`:

```
nvme id-ctrl -H /dev/nvme0
nvme format /dev/nvme0n1 --ses=1
```

Umarnin farko yana nuna irin sharewar da faifan ke karɓa. `--ses=1` yana goge bayanan mai amfani, `--ses=2` yana jefar da mabuɗin cikin faifan idan yana da wannan damar. A karanta sunan faifai da `lsblk` sau biyu kafin a danna, kuma a cire faifan waje daga jikin na'urar tukuna. Wannan umarni ba ya da komawa baya.

Laraba, 8 ga Janairu

Rabon faifai. Abin da kamfani ya rubuta 512 GB, a lissafin Linux kusan 476.9 GiB ne, don haka da wannan adadi ake yin kasafi.

```
sgdisk -Z /dev/nvme0n1
sgdisk -n1:0:+1G -t1:EF00 /dev/nvme0n1
sgdisk -n2:0:+2G -t2:8300 /dev/nvme0n1
sgdisk -n3:0:0   -t3:8309 /dev/nvme0n1
```

Ɓangare na farko na EFI ne, FAT32, 1 GiB. Na biyu `/boot`, ext4, 2 GiB. Na uku, kusan 474 GiB, shi ne na LUKS. `sgdisk` yana fara ɓangarori a kan iyakar 1 MiB da kansa, ba sai an yi lissafin daidaito ba.

Me ya sa `/boot` ya zauna a waje ba a kulle ba? Domin GRUB 2.06, manhajar da ke tada na'ura a Debian 12, ba ya iya buɗe LUKS2 da aka yi wa mabuɗi da Argon2, sai PBKDF2. Ana iya sauke ƙarfin kullin don a faranta wa GRUB, amma ba mu ga hikimar raunana faifai duka saboda ɓangaren da babu fasfon kowa a ciki ba. Sai dai a san iyakar abin: Secure Boot yana tantance shim, GRUB da kanel, amma ba ya tantance initrd, ƙaramin tsarin da ke tashi da farko ya nemi jimlar sirri. Wanda ya samu na'urar a hannunsa na ɗan lokaci ya mayar, yana iya sauya initrd ya dasa abin da zai kama jimlar sirri. Maganin wannan ba a umarni yake ba. Kalmar BIOS tana rage haɗarin, sauran kuwa kada a bar jaka a ɗakin otal da mutane ke shiga da fita. Girman 2 GiB kuma saboda rabon da mai girkawa ke yi da kansa bai wuce kusan rabin gigabait ba, kanel uku ko huɗu da initrd ɗinsu sun isa su cika shi, sabuntawa ta tsaya a tsakiya.

A cikin mai girka Debian an zaɓi rabo da hannu, an nuna ɓangare na uku a matsayin wurin kullewa, aka ɗora LVM, mai yanka ɓangare ɗaya zuwa sassa, a kansa da rukuni mai suna `ofis`: `root` 60 GiB, `swap` 8 GiB, `home` 300 GiB. Sauran kusan 106 GiB an bar su ba a raba ba, da gangan. Ƙara wa ext4 girma abu ne na minti ɗaya da `lvextend -r`, na'ura tana aiki. Rage shi kuwa sai an sauke shi, kuma da haɗari. Mai girkawa zai fara cika ɓangaren da bayanan hargitsi, an soke wannan mataki tunda faifan ya riga ya share kansa ranar Litinin.

`swap` dole ya kasance cikin LUKS. Duk abin da ke RAM, har hoton fasfo da aka buɗe, yana iya sauka can.

Alhamis, 9 ga Janairu

Yau ranar allon rubutu ce, kuma a ƙasar nan wannan ba ƙaramin babi ba ne. Laftof ɗin da ake sayarwa a Saudiyya suna zuwa da haruffan Larabci da na boko a kan maɓallai, ma'aikatan kuma suna rubutu da Larabci, Hausa da Turanci. Amma lokacin da na'ura ke neman jimlar LUKS, babu tebur, babu alamar harshe a kusurwa, babu abin da ke nuna harafin da ya shiga. Tsarin allon da aka cusa cikin initrd shi kaɗai ke aiki. Saboda haka ƙa'idar jimlar sirri a nan: ƙananan haruffan boko da tazara kawai. Ban da Larabci. Ban da ɓ, ɗ da ƙ, domin ba a samun su a wannan mataki, kuma ba za a same su a filas na ceto ba. Ban da @, # da alamar zance, domin wurinsu yana sauyawa tsakanin allon Amurka da na Ingila.

A `/etc/default/keyboard` an sa `us` a gaba, `ara` a baya, sannan `update-initramfs -u -k all`. Allon Hausa, wato `ng` mai nau'in `hausa`, kowa ya ƙara shi a saitin GNOME nasa.

Jimlar kanta kalmomi shida ko bakwai ce da aka zaɓa da ƙuri'a, ba da tunani ba. A jerin Diceware mai kalmomi 7776, kowace kalma tana ba da kusan bit 12.9, shida sun kai kusan 77. Abin da muka hana: aya, hadisi, karin magana, sunan gari, lambar waya, lambar iƙama (katin izinin zama a Saudiyya). Lambar iƙama lamba goma ce kacal, kuma tana jikin takardu da yawa. Aya da karin magana kuwa suna da tsawo a ido, amma duk abin da aka taɓa bugawa yana cikin jerin masu gwada sa'a.

An duba abin da mai girkawa ya yi da `cryptsetup luksDump /dev/nvme0n1p3`: siga ta 2, `aes-xts-plain64`, mabuɗi bit 512, `argon2id`, ƙwaƙwalwa 1 GiB. Wannan 512 kada ya ruɗi kowa, mabuɗai biyu ne na 256, haka XTS ke aiki. `grep aes /proc/cpuinfo` ya nuna injin yana da AES-NI, don haka nauyin kullin ba zai bayyana a aikin ofis ba. A `/etc/crypttab` akwai `discard`, wanda ke gaya wa SSD wuraren da aka saki, an bar shi, an tabbatar `fstrim.timer` yana gudana mako-mako. Abin da `discard` ke fallasawa shi ne wane sashe na faifai ne babu komai a ciki, ba abin da ke rubuce ba. Ga irin barazanar da muke tsoro, wannan farashi ne mai sauƙi.

Agogo: `timedatectl set-timezone Asia/Riyadh`.

Lahadi, 12 ga Janairu

Gurabun mabuɗi. LUKS2 yana karɓar har 32, tsohon LUKS1 takwas. An ba kowane ma'aikaci gurbinsa da `cryptsetup luksAddKey`, aka ƙara na huɗu na ceto wanda yake kan takarda kawai. Amfanin raba su shi ne idan mutum ya bar aiki a soke nasa ba tare da an dami sauran ba. An rubuta wane gurbi na wane ne, domin LUKS lamba kawai ya sani. Kowa ya gwada tasa da `cryptsetup open --test-passphrase --key-slot` da lambar gurbinsa. A sani cewa kowane gurbi yana cin kusan daƙiƙa biyu, kuma ana bin su ɗaya bayan ɗaya, don haka mai gurbi na ƙarshe, ko wanda ya yi kuskuren rubutu, zai jira kusan daƙiƙa takwas. Ba matsala ba ce, kada a kashe na'ura saboda haka.

Sai abin da ya fi komai muhimmanci a wannan hawa:

```
cryptsetup luksHeaderBackup /dev/nvme0n1p3 --header-backup-file kanu-2025-01-12.img
```

Kanun LUKS2 MiB 16 ne a farkon ɓangaren. A cikinsa babban mabuɗin faifai yake, a naɗe da jimlolin sirri. Idan wurin gurabun ya lalace, ko wani ya yi fomatin bisa kuskure, jimla daidai ba za ta buɗe komai ba, kuma babu mai gyara a duniya da zai dawo da shi. Kwafin ya tafi filas na biyu, filas ya shiga ambulan tare da takardar ceto, ambulan ya shiga akwatin ƙarfe na ofis. Ba a bar kwafi a cikin laftof ba, ba a kuma tura shi ta WhatsApp ba.

Akwai tarko a nan da mutane ba su cika lura da shi ba. Tsohon kwafin kanu yana ci gaba da buɗuwa da tsofaffin jimloli. Idan aka soke gurbin wani amma tsohon kwafin yana nan, wanda ya mallaki kwafin da tsohuwar jimla ya mallaki faifan. Don haka duk sauyin gurbi yana tafiya da sabon kwafi da lalata tsohon.

Buɗewa ta TPM, ƙwayar tsaro da ke jikin na'ura, ba tare da jimla ba: an ajiye wannan. Na'urar da ke buɗe kanta a hannun ɓarawo ta rage wa kullin amfani, kuma initramfs-tools na Debian 12 ba ya ɗaukar wannan hanya sai an kawo clevis ko dracut.

Talata, 14 ga Janairu

Hawa na biyu. Hanyoyi uku aka auna. eCryptfs tsoho ne, Ubuntu ta cire shi daga mai girkawarta tun 18.04, kuma yana da aibi da ya shafe mu kai tsaye: idan yana ɓoye sunayen fayil, suna ba ya wuce bait 143. Harafin Larabci bait biyu ne a UTF-8, haka ɗ da ƙ, don haka sunan fayil na Larabci zai tsaya a wajen haruffa 71, alhali takardun da ake saukewa a nan sunayensu dogaye ne. systemd-homed yana da kyau, amma yana sauya yadda ake sarrafa asusun mutane baki ɗaya, kuma kowa sai an yanka masa girman wurinsa. fscrypt yana cikin kanel, yana zaune a kan ext4, suna yana kai bait 255 yadda aka saba. Shi aka ɗauka.

```
tune2fs -m 1 /dev/mapper/ofis-home
tune2fs -O encrypt /dev/mapper/ofis-home
apt install fscrypt libpam-fscrypt
fscrypt setup
fscrypt setup /home
pam-auth-update
```

Layin farko ba na kulli ba ne: ext4 yana keɓe kashi 5 cikin ɗari ga `root`, wanda a 300 GiB ya kama 15 GiB, an mai da shi 3. A `pam-auth-update` a tabbatar an yi wa fscrypt alama. A `/etc/fscrypt.conf` a ga `policy_version` yana kan 2. Siga ta 1 tana rataya mabuɗi a zaman mutum ɗaya, shi ya sa wasu manhajoji ke kasa ganin fayil ɗin da aka riga aka buɗe. Ta 2, wadda ta zo da kanel 5.4, ta gyara wannan, Debian 12 kuwa tana kan 6.1.

fscrypt ba ya kulle folda sai wadda babu komai a ciki, `adduser` kuma yana zuba fayilolin `/etc/skel` tun daga farko. Ga yadda aka bi da asusun `fasfo`, haka ma `akawu` da `masauki`:

```
mv /home/fasfo /home/fasfo.tsoho
mkdir -m 700 /home/fasfo
chown fasfo:fasfo /home/fasfo
fscrypt encrypt /home/fasfo --user=fasfo
cp -aT /home/fasfo.tsoho /home/fasfo
rm -r /home/fasfo.tsoho
```

An zaɓi kalmar shiga ta zama makari, wato abin da ke naɗe mabuɗin foldar, mai asusun da kansa ya rubuta ta. An yi wannan ne kafin a dawo da ko fayil ɗaya na aiki, domin abin da ya taɓa sauka a faifai ba tare da wannan kulli ba, `rm` ba ya kankare shi.

Tunda `/home` ɓangare ne dabam da `/`, fscrypt yana ƙirƙirar jimlar ceto ya rubuta ta a `fscrypt_recovery_readme.txt`. Fayil ɗin yana cikin foldar da aka kulle, wato ranar da ake buƙatarsa ba za a iya karanta shi ba. Kowa ya kwafe tasa a takarda nan take, ya rufe a ƙaramin ambulan, ya sa hannu a baki. Dalilin jimlar shi ne makarin kalmar shiga yana zaune a `/.fscrypt`, tsarin kullin kuma a `/home/.fscrypt`. Duk ranar da aka sake girka Debian a `root`, na farkon ya tafi. An haɗa foldojin biyu cikin abin da ake ajiyewa a filas na ambulan.

Laraba, 15 ga Janairu

Gwaji. Idan `fasfo` bai shiga ba, `root` yana ganin sunaye na hargitsi a foldarsa, `cat` kuma yana amsawa da "Required key not available". Haka ake so. Amma a faɗi gaskiyar iyakarsa: girman fayiloli, yawansu, lokutansu da izininsu ba a ɓoye suke ba. Kuma muddin mai asusun yana ciki, foldar a buɗe take ga `root`, izinin 700 ne kawai ke tsare ta daga sauran. Shi ya sa ba a ba ko ɗaya cikin asusun uku `sudo` ba, asusun kula dabam ne.

Matsalar da ta fito: bayan fita daga asusu, `fscrypt status /home/fasfo` wani lokaci yana nuna an kulle rabi da rabi. Sababin shi ne wata manhaja ta mai asusun ba ta mutu ba, tana riƙe da fayil, kanel kuwa ba ya sakin mabuɗin fayil ɗin da ke hannun wani. `fuser -vm /home` yana nuna mai riƙon. Debian ba ta kashe irin waɗannan idan mutum ya fita, don haka a `/etc/systemd/logind.conf` an sa `KillUserProcesses=yes` da `UserStopDelaySec=0`. Idan duk da haka ya rage, `fscrypt lock` karo na biyu yana ƙarasa aikin.

Babbar ɓaraka ita ce sauya mai amfani a GNOME. Wanda ya danna wannan bai fita ba, zamansa yana nan, foldarsa a buɗe. An toshe shi da `disable-user-switching` a dconf, aka kulle saitin.

Wani abin lura ga ma'aikata: allon kulle na GNOME yana amfani da harshen da aka bari. Wanda ya tashi yana rubutun Larabci, kalmarsa za ta shiga da Larabci a ƙi ta. Ya dubi alamar harshe, ya danna Super da tazara.

Lahadi, 19 ga Janairu

Wuraren da takarda ke zubewa a wajen foldar gida. `/tmp` a Debian 12 yana kan faifai, an mai da shi RAM ta kwafe `/usr/share/systemd/tmp.mount` zuwa `/etc/systemd/system/` da kunna shi. CUPS, mai kula da buga takardu, yana riƙe kwafin abin da aka buga a `/var/spool/cups` na kwana ɗaya, ofishin nan kuwa fasfo yake bugawa, an sa `PreserveJobFiles No` a `cupsd.conf`.

Foldar haɗaka, inda ukun ke musayar jerin sunaye, ba a yi ta a cikin `/home` ba, kuma da dalili. Idan aka yi `mv` na fayil daga folda mai kulli zuwa marar kulli a tsarin fayil ɗaya, suna kawai ke ƙaura, fayil ɗin yana nan a kulle da mabuɗin mai shi. Yana fita, abokin aikinsa ya ga fayil amma ya kasa buɗewa. An yanki 40 GiB daga wurin da aka bari, `lvcreate -L 40G -n tare ofis`, aka ɗora a `/srv/tare` da rukunin `ofis` da izinin 2770. Tunda ɓangare ne dabam, `mv` yana zama kwafi na gaske. Abin da ke nan LUKS kaɗai ke tsare shi, don haka hoton fasfo ba ya shiga. Saura kusan 66 GiB a rukunin.

Sai barci. Laftof da aka rufe murfinta ta yi barci tana riƙe da mabuɗan duka hawa biyu a RAM, abin da ya rage tsakanin ɓarawo da bayanai allon kulle ne kawai. Dogon barci mai sauke RAM a faifai zai magance wannan, amma kanel na Debian yana hana shi idan Secure Boot yana kunne, shi ya sa tun farko `swap` bai wuce 8 GiB ba. An hana barci da `AllowSuspend=no` a saitin `sleep.conf`, an sa `HandleLidSwitch=poweroff` da `HandleLidSwitchExternalPower=lock`. A tebur da caja, rufe murfi yana kulle allo. A batir, rufe murfi yana kashe na'ura, aikin da ba a adana ba ya tafi, kuma an gaya wa kowa haka ƙarara. Ko ba don tsaro ba, na'ura a kunne cikin jaka a mota da zafin Jidda ba alheri ba ne ga batir.

Talata, 21 ga Janairu

Sauya kalmar shiga. Idan mai asusu ya sauya da kansa, ta `passwd` ko saitin GNOME, PAM, mai tantance shiga asusu, yana karɓar tsohuwa da sabuwa ya sake naɗe mabuɗin. Idan mai kula ne ya yi `passwd fasfo` daga `root`, babu tsohuwar kalma a hannu, makarin yana nan a kan ta da. Mutum zai shiga da sabuwa ya tarar da gida a kulle, tebur ya ƙi tashi ko ya mai da shi allon shiga. Idan ana tune da tsohuwar, `fscrypt metadata change-passphrase` da lambar makarin yana daidaita su. Idan an manta, sai ambulan. An manna wannan gargaɗi a takardar mai kula. Haka nan shiga ta SSH da mabuɗi ba ya buɗe folda, `authorized_keys` ma yana ciki a kulle, kuma aikin `cron` da ke taɓa gida zai faɗi idan mai shi ba ya nan.

Wannan ya shafi kwafin ajiya. Ba a kwafar foldar fscrypt tana kulle, abin da za a samu ba ya dawowa. Kowa yana yin nasa yana ciki, da manhajar Borg, zuwa faifan waje: `borg init --encryption=repokey`, ma'ajiya uku, jimla uku, sannan `borg key export` zuwa ambulan. Faifan wajen yana ɗauke da tsofaffin bayanai a buɗe tun ranar 6 ga wata, don haka bayan an dawo da su an tantance, an yi masa `luksFormat`, aka cika shi da sifili ta cikin kullin don a binne abin da ya gabata, kafin a fara Borg. Faifai ne mai juyawa, wannan hanya tana aiki a kansa.

Alhamis, 23 ga Janairu (23 Rajab)

Gwajin ceto, da abin da ke cikin ambulan kawai, kamar Debian ta ƙi tashi. An tashi daga filas, `cryptsetup open` da jimlar takarda, `vgchange -ay ofis`, aka ɗora `root` a `/mnt` da `home` a `/mnt/home`. An saka fscrypt, `fscrypt setup`, sannan `fscrypt status /mnt/home` don ganin lambobin makarai, aka buɗe da `fscrypt unlock` da `--unlock-with` ana nuna makarin ceto. Foldojin uku sun buɗu. Kwafin kanu ma an gwada shi ba tare da an rubuta shi a faifai ba, ta `cryptsetup open --header` da `--test-passphrase`. An dawo da fayil guda daga kowace ma'ajiyar Borg, lambar `sha256sum` ta yi daidai. An sake rufe ambulan da sababbin sa hannu.

An rubuta matakan sallamar ma'aikaci, tunda bayan Hajji masu aikin kaka suna tafiya: `luksKillSlot` a gurbinsa, sabon kwafin kanu, lalata tsohon, miƙa takardun aiki ta `/srv/tare` yana nan kafin a goge asusun. Idan akwai shakkar cewa tsohon kanu ya fita, soke gurbi bai isa ba, sai `cryptsetup reencrypt` wanda ke sauya babban mabuɗin kansa. Ana yin sa da caja a jiki, bayan sabon kwafin Borg.

Abin da ke gaba kafin azumi shi ne laftof ta biyu, ta reshen Madina. Faifanta SATA ne mai 256 GB, kusan 238 GiB, RAM 8 GiB. Sharewa a can da `hdparm` za a yi ba `nvme` ba, kuma sai an duba ko faifan yana cikin yanayin `frozen`, wanda ba ya karɓar umarnin sharewa. Kasafin da aka tsara: EFI 1, `/boot` 2, `root` 50, `swap` 8, `home` 120, `tare` 20, a bar kusan 37 GiB. `/tmp` a RAM za a iyakance shi da `size=2G`, domin in an bar shi yana iya cinye rabin ƙwaƙwalwar.